Surutun Baƙin Allo a Shinkafi

Kwanan baya ina shago, ɗaya daga cikinku ya leƙo ya tarar da ni gaban wata saba, rubutu yana ta zuba a allonta kamar an bar famfo a buɗe. Ya tsaya a bayana ya ɗan kalla, sannan ya ce, "Baba Lawali, ai wannan layi ɗaya ne. Na gani a bidiyo. Kana buga shi za ta yi shiru." Na ci gaba da aikina. Amma na san ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba. Ku da kuka taso da waya a tafin hannu, gani kuke sana'ar nan zama ce a inuwa ana danna maɓalli. To, ku saurara in ba ku labarin layin nan ɗaya.

Ga wanda bai sani ba, saba ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin gida ke ɗebo aiki daga wurinta. Galibi ba ta da hoto, ba ta da ado. Baƙin allo ne da farin rubutu, a sana'a konsol muke ce masa. Nan kake yi mata magana, nan take ba ka amsa. Kowace manhaja da ke cikinta kuma tana rubuta rahoton abin da ta yi da abin da ya gagare ta. Mazaunin rahoton nan wani fayil ne can ciki, mai bukata ya je ya buɗe ya karanta. Rigima tana tashi ne idan rahoton ya bar mazauninsa ya fito yana zuba a allon da kake aiki. Kana cikin buga umarni sai saƙo ya faɗo tsakiyar kalmarka ya raba ta biyu. Kafin ka gano inda ka tsaya, wani ya faɗo. Na'ura ta yi maka tambaya, kafin ka karanta tambayar ta haye sama ta ɓace.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan, karatun rahoton nan ne. Maigidana Malam Ɗahiru, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin layin wayar jirgin ƙasa ne. Ya yi shekaru yana bin turakun waya daga tashar Kaura zuwa kudu, yana neman inda ta tsinke. Da harkar jirgi ta yi sanyi sai ya tafi Kaduna wurin wani ɗan'uwansa ya koyo kwamfuta da furfurarsa, ya dawo ya kafa dish a bayan shago, ya buɗe kafen intanet. Ni a lokacin gyaran rediyo da kaset nake yi a bakin kasuwa, aikin kuma yana mutuwa a hannuna ina gani. Na je na durƙusa na ce ya koya mini.

Ya zaunar da ni kan benci gaban sabar kafen, ya buɗe fayil ɗin rahoto, ya ce, "Karanta. Kada ka taɓa komi."

Turancina na sakandare ne, wanda ke allon kuwa ba irin na littafi ba ne. Kullum in na zo, nan zai ajiye ni. Wasu na koyon haɗa kebul, ni ina kallon rubutu har idona ya yi ja. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, "Wanga, wa ya faɗe shi?" Na ce kwamfuta. Ya ce, "Kwamfuta ba baki guda gare ta ba, Lawali. Cikinta masu magana suna da yawa. Sai ka san wanda ya yi magana, da hanyar da maganar ta biyo, da nauyinta, sannan in ba ka sukundireba." Haka na ci gaba da zama kan bencin nan, har ya zamana in layi ya wuce ina iya cewa wannan na mai raba lambobi ne, wannan na agogo ne, wannan kuwa daga uwar manhajar kanta ya fito. A nan na san cewa saƙonnin hawa-hawa ne, tun daga na ihun gobara har zuwa na hirar banza, kuma kowane da lambar nauyinsa a jikinsa.

Jakar da kuke gani a kafaɗata ba ta canza sosai ba tun daga lokacin. Akwai filayar matse kan kebul, da tasta mai ƙananan fitilu da ke nuna ko wayoyin ciki sun jeru daidai, da ƙaramin kibod, don sau da yawa za ka tarar na gidan ya mutu ko an ara ba a dawo da shi ba. Akwai filash da na zuba manhajojin ceto kwamfuta a ciki, da buroshin fenti. Kada ku raina buroshin nan. Na sha buɗe kwamfuta in tarar zanzaro ya gina gida a kan fanka. Na sha ciro busasshen ƙadangare daga inbata. Rabin abin da ake kirana a kansa a ƙasar nan ba a bidiyo ake koyonsa ba: ɓera ne ya ci kebul a silin, ko ruwan damina ya bi waya ya gangaro cikin suwic, akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa.

Wani aiki da na yi a wata makaranta a Zurmi ya isa ya nuna muku yadda masu kiranmu suke. An kai ni ɗakin kwamfutoci, na tarar an kifa kwalin taliya a kan allon saba. Na tambayi malamin da ke kula da ɗakin, ya ce rubutu ne ke gudu a kai ba tsayawa, shugaban makaranta ya gani ya ce wasu ne suka shigo daga waje suna satar bayanai, shi ya sa aka rufe. Na ɗage kwalin na duba. Wata firinta ce da aka ɗauke tun bara, saba na ta nemanta tana cewa ba ta gani ba. Gyaran bai ɗauke ni komai ba. Abin da ya cinye mini wuni shi ne shawo kan shugaban ya yarda ba ɓarawo a cikin na'urarsa. Har na fito yana ce wa malamin a mayar da kwalin, don ba a sani ba.

Sai shekarar da aka rufe layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro. Da yawanku kuna makaranta lokacin, abin da kuka sani shi ne waya ta daina shiga. Mu kuwa sana'armu ce aka kashe wa fitila. Ba intanet, ba kira, ba saƙo. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, an taƙaita hawan babur. Mutum zai shiga mota ya ƙetare iyakar jiha don kawai ya kira ɗansa ya ce muna lafiya. Na rufe shago na koma 'yar gonata wajen Ɗan Isa, lokacin ana yankan gero, ita ma ba kullum ake iya zuwa ba.

Wata safiya ina ƙofar gida sai ga Sahabi, direba ne da ke jigila tsakanin Kaura da Shinkafi. Muka gaisa, ya ce, "Malam Lawali, saƙo gare ni. Sista Luba ta asibitin Dokta ta ce in faɗa maka don Allah ka zo. Injin nan nasu ya haukace, magana yake ba ƙaƙƙautawa, sun kasa ganin katin kowa."

Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a Shinkafi, ni na ja masu kebul shekarun baya. Sabar kuwa wani kamfani ne daga nesa ya kawo ya kafa, da manhajar da ke riƙe bayanan marasa lafiya, kuma daga can ofishinsu suke kula da ita ta intanet. Tun da aka kafa ta asibitin ya bar katin takarda. Tsofaffin katunan ma gara ta cinye su a sito. Sista Luba ita ke kula da ɗakin magani da bayanan, mace ce mai natsuwa, ba ta aiko da saƙo a kan ƙaramin abu.

Na ce wa Sahabi, "Yaya hanya?"

Ya ce, "Hanya ta Allah ce. In munka taru da yawa muna wucewa."

Washegari muka jira a tasha har motoci suka taru, aka tashi a jere. Kowa idonsa na bakin daji. A wani shinge aka sauke mu aka buɗe kaya, jami'in ya ɗaga tastata yana juya ta, ya ce wannan fa? Sai da na ciro guntun kebul na soka, fitilun suka kama ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo mini.

Na tarar da barandar asibitin cike da mata zaune kan tabarmi, wasu da ciki, wasu da goyo. Sista Luba na tsaye tana rubuta sunaye a bayan kwalin magani da ta yayyaga. Da ta gan ni ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wallahi na yi zaton ba za ka iya zuwa ba." Ta kai ni ɗan ɗakin da ke jikin ɗakin magani, inda sabar take. Zafi kamar tanda. Allon kuwa rubutu ke gudu a kai, ido ba ya iya kama kalma ɗaya.

Na ce ta nuna mini abin da take yi kullum. Ta ce da safe in an tada janareta, takan shiga da kalmar sirri, sai jerin lambobi ya fito, ta zaɓi wadda ke tada manhajar bayanai, na'ura ta yi mata tambaya ta amsa, shi ke nan kwamfutocin ɗakin likita da na awo su samu. Tun da aka rufe layi rubutun nan ya fara, kuma kullum ƙaruwa yake.

"Da farko ina yi da ka," in ji ta, "don hannuna ya saba. Ran nan na danna, ashe wata lamba ce, sai injin ya mutu gaba ɗaya. Cikin lambobin nan akwai ta gogewa, Malam. Na ce ni dai ba zan goge jinin matan mutane da hannuna ba. Tun ranar ban ƙara taɓa shi ba."

Na ce, "Kin yi daidai."

Na fara gwada shiga ta kwamfutata ta hannu, ta kebul, don in yi aiki a allo mai tsabta. Kamfanin ya toshe wannan ƙofar, ya bar tasa kaɗai, wadda ke bi ta intanet ɗin da babu. Na sauya zuwa wani allon na cikin sabar, rubutun ya biyo ni can. Sai na ciro wayata, wadda a lokacin ba ta da amfani sai fitila da hoto, na ɗauki allon hoto sau da yawa, na zauna kan kwalin ruwan ƙarin jini ina karantawa.

Baki uku ke magana. Akwai manhajar da ke tura kwafin bayanai zuwa kamfanin, tana kira ba a ɗauka, tana faɗa, tana sake kira nan take. Akwai mai daidaita agogo, shi ma yana neman na waje bai samu ba. Sannan uwar manhajar tana ba da rahoton duk wani ƙwanƙwasa ƙofa da rautar gidan, wato na'urar da ke raba intanet, ke yi, ita ma rautar ta rikice tana laluben hanyar fita. Lokacin da layi ke aiki duk waɗannan ba su da abin faɗa, shi ya sa shekaru ba wanda ya lura an bar masu ƙofar allo a buɗe.

Yanzu ga layinku ɗaya. Na buga shi a makance, ina kallon yatsuna ba allo ba, harafi bayan harafi. Aikinsa ya gaya wa uwar manhaja daga wane nauyi za ta riƙa fitowa allo. Na danna, surutunta ya tsaya. Sauran biyun ko gezau, don su ba ta nan suke biyowa ba. Akwai wata manhaja mai tattara rahoton kowa ta raba shi inda aka ce, kuma a fayil ɗin ƙa'idojinta wanda ya kafa sabar ya bar wani layi da ke cewa a kwafo komai a zuba a konsol. Na san yadda aka yi: ya buɗe ne ranar gwaji don ya riƙa gani, ya gama, ya shiga mota. Kowa a sana'ar nan ya san irin wannan gaggawar.

Gyara fayil a cikin wannan ruwan rubutu shi ne wahalar. Ka buɗe shi, saƙonni su zubo a kansa su rufe. Ka share allo, ka matsa layi biyu, su sake rufewa. Kuskuren harafi ɗaya kuma zai iya sa mai tattarawar ta ƙi tashi, ka rasa rahoton duka, mai amfani da marar amfani. Gumi na ɗiga daga haɓata a kan kibod. A hankali na kai ga layin, na canza shi: hirar yau da kullum da gargaɗi su tafi fayil, abin da ya kai nauyin kuskure na gaske kaɗai ya fito allo. Na sa a riƙa nannaɗe fayil ɗin ana zubar da tsohon, don in ba haka ba surutun da ka kora daga allo zai je ya cika diski, ma'ajiyar bayanan, a ɓoye. Na je wurin mai tura kwafi na ce ta daina kira sai an neme ta, mai agogo kuma ya riƙe na cikin gida. Sannan na koma kan layinku, na rubuta shi a inda zai zauna. Wanda ake bugawa da hannu, ana ɗauke wuta ya tafi. A gidan da ake kashe janareta kullum, gobe da safe sai ka ce ba ka zo ba.

Ina cikin haka Dokta ya shigo, da safar hannu bai ko cire ba. Mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya ƙure. Ya ce, "Malam Lawali, ni ban son in ƙara ganin ko harafi guda a allon nan. Rufe bakinsa duka. Mata na zaune tun safe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan rufe na banza. Amma akwai waɗanda zan bari. In diski ya fara ciwo, ko wani abu ya ƙone a ciki, ta nan kaɗai za ta iya faɗa."

"In ta faɗa wa zai gane? Luba ce za ta karanta Turancin inji?"

Sista Luba na bakin ƙofa ta ce, "Ba sai na gane ba, Dokta. In allo na shiru kullum, ran da na ga rubutu na san in aika a kira shi."

Dokta ya dube ta, ya dube ni, ya ce in yi yadda na gani, ya fita.

Na kashe sabar na sake tada ta, don in tabbatar gyaran ya zauna. Ta gama tashi, allo ya tsaya baƙi wuluk, sai 'yar alama ɗaya tana ƙiftawa a kusurwa. Sista Luba ta matso ta leƙa.

"Malam, ba dai ta mutu ba?"

Na ce, "Ke take jira."

Ta zauna ta shiga, jerin lambobin ya fito ya tsaya cak. Ta zaɓa, ta karanta tambayar a natse, ta amsa. Daga ɗakin awo muka ji wata ma'aikaciya ta ɗaga murya ta ce ya kawo. Aka fara kiran mata da suna. Ni kuma na fara naɗe kayana, ina lissafin in samu motar Sahabi kafin ya juya.

Ina zuge jaka, layi ɗaya ya faɗo a allon. Daga uwar manhaja ne. Cewa take ta je karanta wani wuri a diski ta kasa. Na ajiye jakar. Jim kaɗan wani ya biyo shi, wani wurin daban. Na buɗe tsohon rahoto na bi shi baya, na tarar ta daɗe tana faɗin haka, tun kafin a rufe layi, jefi-jefi, daga baya kuma ya nutse cikin surutun sauran. Diskin mutuwa yake, a hankali. Kuma da na saukar da layinku har ƙasa, yadda ake nunawa a bidiyo don allo ya yi tsit, da wannan saƙon bai fito ba. Da na kama hanya ana sa mini albarka.

Na sa aka kira Dokta na gaya masa. Ya ce to ai kamfani na da kwafi. Na ce kamfani na bayan layin da aka rufe, diskin nan kuwa ban san ko zai kai jibi ba. Sista Luba ta kawo filash ɗin da take kwafa a kai da can, muka duba, rabonsa da sabon kwafi tun kafin damina. Sabon diski kuma babu inda za a samo shi a Shinkafi a wannan halin.

Na ce, "Akwai guda a kwamfutar teburinka."

A cikinta littattafansa na aiki suke, da hotunan iyalinsa. Na kwashe masa abin da filash ɗina zai iya ɗauka, sauran ya tsaya a kaina yana zaɓen wanda za a bari. Da muka gama ya ce, "Cire."

Kwafe diski mai ciwo ba kamar kwafe lafiyayye ba ne. Sai ka fara ɗebe wuraren da ke karantuwa da sauri, ka tsallake masu gardama, sannan ka dawo kansu kana lallaɓawa. In ka matsa masa ya mutu a hannunka. Aikin na tafiya kamar hawainiya, sai maigadi ya leƙo ya ce man janareta ya kusa ƙarewa. Solar gidan firjin allurai kaɗai take iya ɗauka. Gidan mai ba sa zubawa a jarka. Dokta ya ciro makullin motarsa ya miƙa wa maigadin, ya ce a zuƙe na tankin. Ina kallo ta taga dattijon nan ya durƙusa da tiyo a baki, ya zuƙa, ya tofar, man ya fara gangarowa cikin bokiti. Da wannan man muka kai la'asar. Na kwana gidan wani abokina a garin, da safe aka zuƙe sauran, muka ƙarasa.

Yawancin bayanan sun tsira: sunaye, rukunin jini, magungunan da kowa ke sha. Wani yanki bai karantu ba duk yadda na yi, kuma a nan sakamakon gwaje-gwajen watannin damina yake. Na cike abin da zan iya daga tsohon filash ɗin Sista, sauran ya tafi. Da layi ya dawo aka tuntuɓi kamfanin, aka tarar kwafinsu ma daga diskin mai ciwo aka riƙa ɗaukarsa, inda ya lalace a nan ya lalace a can. Sai da aka sake ɗibar jinin mata da yawa. Waɗanda ke cikin gari sun dawo an yi masu. Na ƙauyuka, wasu ba a sake ganinsu ba, don hanyar da za su biyo ta fi gwajin haɗari.

Asibitin bai daɗe sosai bayan nan ba. Ma'aikata suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe Dokta ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato. Ni aka kira in kwance kebul ɗin da na ja, in haɗa sabar a kai masa. Sahabi ne ya kai ni da motarsa. Na bi silin ina zare waya ina naɗewa, Sista Luba na haɗa ragowar magunguna a kwali. Muka naɗe sabar da bargo muka ɗora a bayan mota, aka ɗaure da igiya.

Sahabi ya tada mota ke nan sai ga babur ya tsaya, wani magidanci ɗauke da tsohuwa a baya. Daga wajen Galadi suka fito, tun da sassafe. Mahaifiyarsa ce, hawan jini gare ta, maganinta ya ƙare, ƙafafunta sun kumbura. Sista Luba ta gaya masu an rufe asibiti. Mutumin ya ce to a faɗa masu sunan maganin su nema a kemis.

Sista ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, "Inna, kin zo da kwalin?"

Ta ce, "Jikoki sun yi wasa da shi, ɗiyata. Wata 'yar fara ce ƙarama, da wata mai ruwan ƙasa. Dokta ya ce kada in sha wadda anka ba ni da fari, ita ta kusa kashe ni."

Sista Luba ta ɗago ta dube ni. Farare ƙanana na hawan jini suna da yawa, kuma wadda aka hana ta tana cikinsu.

Sahabi ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Lawali, rana na yi. In ayarin nan ya tafi ya bar mu, ni ba ni bin hanyar nan ni kaɗai."

Na ce ya buɗe gaban mota. Ya ce me? Na ce batirinsa nake so. Ya fito yana faɗa, amma ya buɗe. Muka kwance igiya, muka yaye bargon, na ɗauko ƙaramar inbatar ɗakin magani daga cikin kaya na maƙala a batirin, injin motar na aiki. Na ɗora allon a kan but, na soka kibod ɗina, na haɗa kwamfutata ta hannu da guntun kebul. A tsakar gidan asibitin, cikin rana, sabar ta tashi. Sista Luba ta kare allon da mayafinta don ta iya gani, ta shiga, lambobin suka fito suka tsaya, ta zaɓa. Ta tambayi tsohuwar sunanta da na mijinta, ta buga a kwamfutata. Ga shi nan: magunguna biyu, da adadin da take sha, da gargaɗin Dokta a kan na ukun. Ta yagi bakin kwali ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta ja layi a ƙarƙashin wanda aka hana, ta karanta wa ɗan har sau biyu, ta sa ya maimaita. Ya ninke ya sa a aljihun gaba ya maɓalle.

Na kashe sabar yadda ya kamata, na jira fankarta ta tsaya, muka mayar da bargo muka ɗaure. Da muka isa tasha ayarin ya riga ya tashi. Muka tsaya a bakin gari har wasu motoci biyu suka zo, muka bi bayansu. A haka muka shigo Kaura. Da na sauko da jakata, sai ya ce in an tashi kai kayan Sakkwato in neme shi, kada in ba wani direban.